Likitan iyali da ciwon da ba ya fitowa a gwajin jini: tambayoyi da amsoshi

An daɗe ana maganar cewa kula da lafiyar ƙwaƙwalwa bai kamata ya tsaya a manyan asibitoci na musamman ba, ya kamata ya sauko inda mutane ke zuwa neman maganin zazzaɓi da hawan jini. Hanyar da aka fi bi ita ce horar da likitocin iyali. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Me ake nufi da shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya na matakin farko?

Ana nufin likitan da ka fara gani idan jikinka ya motsa, shi ma ya iya gane ciwon damuwa, ko fargaba, ko farfaɗiya, ko taɓin hankali, ya fara magani, ya ci gaba da bibiyarka, ya kuma san lokacin da abin ya fi ƙarfinsa. Kati ɗaya, layi ɗaya, ɗakin magani ɗaya.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa matakin farko shi ne ginshiƙin kiwon lafiya. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, Wonca, suka fitar da rahoto na haɗin gwiwa kan wannan batu, kuma a shekarar ce hukumar ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin cike giɓin da ke tsakanin masu ciwo da masu samun magani. Littafin jagorar shirin ya fito a 2010, aka sabunta shi a 2016, kuma ƙasashe sama da 100 sun yi amfani da shi.

Me ya sa ba za a ƙara yawan likitocin ƙwaƙwalwa kawai ba?

Saboda lissafin ba ya fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, wato mutum 1 cikin 8 a duniya. Miliyan 301 fargaba ce ke damunsu, miliyan 280 kuma ciwon damuwa. A ɗaya ɓangaren, ƙididdigar hukumar ta 2020 ta nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa gaba ɗayansu ba su kai 2 ga mutum 100,000 ba, alhali a ƙasashe masu arziki sun haura 60.

Yaye likitan ƙwaƙwalwa ɗaya kan ci shekara 10 ko fiye, daga shiga makarantar likitanci zuwa ƙwarewa. Idan ya gama, yawanci a babban birni zai zauna, ko ya tafi ƙasar da ta fi biya. Wanda ciwo ya kwantar bana ba zai iya jiran wannan ba. A ƙara yawansu, tabbas, amma ko a ƙasashen da suke da yawa, likitan iyali ne ke ɗauke da mafi yawan masu ciwon damuwa.

Ai masu irin wannan larura ba sa zuwa wurin likitan iyali. Ko suna zuwa?

Suna zuwa kullum. Sai dai ba da sunan ciwon suke zuwa ba.

Mace ta zo ta ce kanta na sarawa, gabanta na faɗuwa, jikinta duk ya mutu. Namiji ya ce ƙirjinsa na zafi, barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga. A auna jini, ba a ga komai ba. A ba da maganin ciwon jiki da na ƙarin jini, bayan sati uku a dawo da ƙorafi iri ɗaya, a sake gwaji, a sake biya. Akwai majinyatan da katinsu ya yi kauri da irin wannan zirga-zirgar, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da ke damun zuciyarsu.

Wani nazari da aka buga a 1999, daga bayanan asibitocin matakin farko a ƙasashe 14, ya gano cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa, ƙorafin jiki kawai suka kai wa likita. Ba ƙarya suke yi ba, kuma ba raki ba ne. Damuwa kan taɓa barci da ci da bugun zuciya da yadda mutum ke jin zafi, don haka ciwon kan na gaske ne. Sannan ya fi sauƙi mutum ya ce "kaina ke ciwo" da ya ce "na gaji da rayuwa".

A ɓangaren likitoci kuma, wani babban nazari na 2009 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna cewa likitan iyali da ba shi da wani tallafi kan gane kusan rabin masu ciwon damuwar da suka zauna a gabansa. Sauran rabin su fita kamar yadda suka shigo. Wannan rabin ne horon ke nema.

Akwai kuma waɗanda dama suna kan layin wani ciwon. Mai ciwon suga, mai tarin fuka, mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, duk damuwa ta fi kama su fiye da sauran jama'a, kuma idan ta kama su sukan yi sakaci da magungunansu. Haka mai jego: kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu kan shiga wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin na kusantar kashi 20. Wannan matar za ta kawo jaririnta rigakafi ko da ba za ta taɓa taka ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa ba.

To me ake koya wa likitan?

Abu na farko, yadda ake tambaya. Yana iya zama abin mamaki a ce sai an koya wa likita wannan, amma makarantun likitanci da yawa 'yan makonni kawai suke ware wa fannin ƙwaƙwalwa, su ma a ɗakin masu ciwo mai tsanani. Ɗalibi ya fito da tunanin cewa larurar ƙwaƙwalwa ita ce mai sambatu da fisge-fisge, sai ya kasa gane ta a jikin mutumin da ya shigo tsaf ya gaishe shi da ladabi.

Tambayoyi biyu kan buɗe ƙofa: a makonni biyun nan, ka rasa sha'awar abubuwan da ka saba jin daɗinsu? Kana jin ƙunci ko yanke ƙauna? Idan amsar ta zama e, akwai takardar tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, wadda ke taimakawa wajen auna tsananin ciwon da kuma ganin ko magani na aiki. Takardar ba ta yanke hukunci, likita ne ke yankewa.

Na biyu, bambance abin da ke kama da ciwon ƙwaƙwalwa alhali daga jiki yake. Ƙarancin jini kan kawo kasala. Matsalar ƙullutun wuya, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, kan kawo ko dai sanyin jiki da ƙunci ko kuma faɗuwar gaba. Tsohon da ya ruɗe dare ɗaya, ya daina gane 'ya'yansa, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko wani magani da ya sha, kuma gaggawa yake bukata. A nan likitan iyali ya fi kowa dacewa, don jiki ne fagensa.

Jagorar mhGAP ta ƙunshi ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, larurorin yara da matasa, ciwon mantuwa na tsufa, shaye-shaye, da cutar da kai ko yunƙurin kashe kai. A 2023 aka ƙara fargaba. Kowane babi a tsare yake kamar taswira: idan ka ga kaza, tambayi kaza, idan amsar kaza ce, yi kaza.

Horon 'yan kwanaki zai mai da shi ƙwararre?

A'a, kuma ba a ce zai mai da shi ba. Horon farko galibi kwana 5 ne ko makamancin haka. Abin da ake so shi ne ya iya da larurorin da suka fi yawa, kamar yadda yake kula da hawan jini ba tare da ya zama likitan zuciya ba.

Idan an horar da likitoci, shi ke nan an gama?

Nan ne shirye-shirye da dama suka yi tuntuɓe, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci.

A tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin, an ba likitocin iyali horo kan ciwon damuwa a 1983 da 1984. Sakamakon ya burge kowa: kwanciya asibiti saboda damuwa ta ragu, kashe kai ya ragu, musamman tsakanin mata. Amma zuwa 1988 al'amura sun koma kusan yadda suke. Wasu likitocin da aka horar sun bar wurin, waɗanda suka rage kuma abin ya dusashe musu. Sai kuma wani gwaji a kudancin Ingila da ya haɗa asibitocin likitocin iyali 60, aka buga sakamakonsa a 2000. Likitocin sun yaba da horon ƙwarai, sun ce sun ƙaru. Da aka duba majinyata, ba a ga bambanci ba, ko wajen gane ciwon ko wajen warkewa.

To ina aka ga bambanci? A inda aka canza yadda asibitin ke aiki. A birnin Santiyago na ƙasar Cile, an gwada wani tsari kan mata masu ƙaramin ƙarfi da ke fama da damuwa: ma'aikaciyar lafiya da ba likita ba tana tara su a rukuni, tana koya musu yadda ciwon yake, tana bibiyar kowacce, likita kuma yana rubuta magani ga mai bukata. Bayan wata 6, kashi 70 cikin 100 sun warke, idan aka kwatanta da kashi 30 na waɗanda aka bari a kan tsarin da aka saba. An buga wannan a 2003. A Amurka ma, gwajin IMPACT na 2002 kan tsofaffi 1,801 ya sa wa kowane asibiti mai bibiyar majinyata, da likitan ƙwaƙwalwa da ke duba bayanansu a kai a kai yana ba da shawara. Bayan shekara guda, kashi 45 cikin 100 alamun ciwonsu sun ragu da rabi ko fiye, a rukunin da aka bari a kan tsarin da aka saba kuwa kashi 19.

Abin da waɗannan suka haɗa ba ɓoyayye ba ne. Akwai wanda aikinsa ne ya nemi majinyacin da bai dawo ba. Akwai ƙwararren da likita zai kira idan ya maƙale. Akwai magani a ɗakin magani. Akwai rajista da ake rubuta wa ya samu sauƙi, wa bai samu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Likitan da ya dawo daga bita da takardar shaida, ya tarar da layi har waje, ba magani, ba wanda zai tuntuɓa, cikin wata uku zai koma rubuta maganin ciwon jiki, kuma ba zan ga laifinsa ba.

(Abin takaici, bita ta fi sauƙin ƙirgawa. "Mun horar da likitoci kaza" ya fi daɗin rubutawa a rahoto fiye da "mun tabbatar magani bai yanke ba".)

Likitan da ke da minti biyar ga kowane majinyaci, ina zai samu lokacin wannan?

Ƙorafi ne na gaskiya. Wani nazari na 2017 kan ƙasashe 67 ya gano cewa ganin likitan matakin farko kan ɗauki daƙiƙa 48 a Bangaladash, minti 22 da rabi a Suwidin, kuma kusan rabin al'ummar duniya na zaune a ƙasashen da bai wuce minti 5 ba.

Amsa ta farko ita ce raba aiki: likita ya gano ciwon ya tsara magani, ma'aikacin jinya ko mai ba da shawara ya ɗauki doguwar tattaunawar. Ta biyu, likitan iyali ba sau ɗaya yake ganin mutum ba, don haka abin da bai ƙare yau ba ana iya ɗorawa mako mai zuwa. Ta uku kuma, majinyacin da ba a gano damuwarsa ba dama yana cin lokacin likita, yana dawowa sau shida da ciwon kai.

Ba za a wayi gari ana cusa wa kowa ƙwayoyi ba?

Haɗarin na nan. Rubuta magani ya fi sauraro sauri. Amma horo mai kyau rabinsa koyon lokacin da ba a ba da magani ne. Wanda aka yi wa rasuwa yana kuka ba majinyaci ba ne. Damuwa mara tsanani ba a fara ta da ƙwaya, ana fara ta da bayani, da taimaka wa mutum ya koma harkokin da ya bari, da zama a warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya.

Idan ta yi tsanani, magunguna irin su fulokzetin da amitiriftilin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki sati 2 zuwa 4, wani lokaci har 6. Da yawa kan watsar da su a satin farko don ba wanda ya gaya musu haka. Bayan an samu sauƙi ana ci gaba aƙalla wata 6, kuma a hankali ake janyewa. Kafin a fara, likita zai tambaya ko mutum ya taɓa shiga wani yanayi na rashin barci ba tare da gajiya ba, da yawan magana da ɓarnar kuɗi, domin mai wannan larurar idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkice masa.

Abin da ya fi ban tsoro ma ya riga ya faru a wurare da yawa ba tare da wani horo ba: ba da diyazefam da danginsa ga duk wanda ya ce ba ya barci. Suna sa barci, jiki kuma ya saba da su cikin makonni, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Likitan da aka horar ya fi sanin hatsarinsu.

Tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa, ba sa masa ra'ayin ba ne?

A'a. Bincike ya sha nuna cewa tambayar ba ta dasa tunanin, yawanci ma sauƙi mutum ke ji da aka samu wanda ya tambaya. Sama da mutum 700,000 ke kashe kansu a duniya kowace shekara, kuma wani nazari na 2002 ya nuna cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka yi hakan sun ga ma'aikacin lafiya na matakin farko a cikin watan ƙarshe na rayuwarsu.

Ana koya wa likita ya tambaya kai tsaye, cikin natsuwa: ko akwai tunanin, ko akwai shiri, ko an taɓa gwadawa. Idan haɗarin na kusa, ba a barin mutum shi kaɗai, ana kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, musamman maganin ƙwari na gona da tarin magunguna, kuma ana sa wani na kusa da ya amince da shi cikin lamarin.

Yaushe likitan iyali zai tura majinyaci gaba?

Idan rai na cikin haɗari. Idan an gwada magani yadda ya kamata har sau biyu ba sauƙi. Idan ciwon ya ruɗe shi, ko majinyaciyar na da ciki kuma larurar mai tsanani ce, ko ƙaramin yaro ne da ke bukatar magani. Amma turawa ba sallama ba ce. Wanda ƙwararre ya daidaita shi, wurin likitan iyali zai dawo karɓar magani, a riƙa auna masa nauyi da suga da hawan jini. Masu larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani kan mutu shekara 10 zuwa 20 kafin sa'o'insu, kuma mafi yawa ciwon jiki ne da ake iya magancewa ke kashe su.

Inda babu likita kwata-kwata fa?

Sai a horar da wanda ke wurin. Iran ta fara tun ƙarshen shekarun 1980 da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka, likitoci na duba aikinsu. A Pakistan, ma'aikatan lafiya mata da ke shiga gida-gida sun koyi taimaka wa masu ciki da masu jego, kuma gwajin da aka buga a 2008 ya nuna damuwa ta ragu sosai a tsakanin matan. A jihar Gowa ta Indiya, likitan ƙwaƙwalwa Vikram Patel da abokan aikinsa sun sa masu ba da shawara da ba su da digirin lafiya a asibitocin matakin farko.

Wanda ya fi shahara shi ne shirin likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda a Harare, babban birnin Zimbabuwe. Dattijai mata aka horar, suna zama a kan benci a harabar asibiti, suna yin zama 6 da majinyaci kan warware matsaloli. Ba su amfani da manyan kalmomin likitanci. Da harshen Shona suna ce wa ciwon kufungisisa, ma'ana yawan tunani. A gwajin 2016, bayan wata 6, kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke da sauran alamun damuwa, a rukunin da bai yi zaman bencin ba kuwa kusan rabi. Su ma dattijan akwai masu duba aikinsu, akwai kuma inda suke tura wanda ya fi ƙarfinsu.

Farfaɗiya ma misali ce mai kyau. Mutum kusan miliyan 50 ke da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan suna samun magani mai araha ba yankewa.

Sirrina fa? Likitan ya san iyalina duka.

Sanin iyali na da amfani, yana kuma da nauyi. Ƙa'idar aikin likita ita ce abin da ka faɗa ya tsaya tsakaninku, sai da izininka, ko idan rai na cikin haɗari. Matsalar ta fi zuwa daga gini da tsari: ɗaki mai labule a maimakon ƙofa, ko ware rana guda a ce ta masu ƙwaƙwalwa ce, kowa ya san abin da ya kawo wanda ya zo ranar. Haɗa layin da na kowa shi ne kariya mafi sauƙi daga tsangwama. Kana da damar cewa kana son ganin likita kai kaɗai, ko da wani ya rako ka.

Waɗanda suka fi yarda da masu maganin gargajiya ko malaman addini fa?

A sassan duniya da yawa can ake fara zuwa, kuma likitan da ya raina wannan ba zai sake ganin majinyacin ba. An gwada haɗin gwiwa a biranen Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suka riƙa ziyartar masu taɓin hankali a wuraren masu magani suna ba da nasu maganin. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna sun fi waɗanda ba a yi wa haɗin gwiwar ba samun sauƙi. Abin da ba a sassauci a kai shi ne ɗaure majinyaci da sarƙa, ko dukansa, ko hana shi abinci, ko sa shi ya bar maganin asibiti.

Wa zai biya?

Gwamnatoci a matsakaici kashi 2 cikin 100 kacal na kasafin lafiya suke ba lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a ƙasashe da dama mafi yawansa manyan asibitocin ƙwaƙwalwa ke cinyewa. Damuwa da fargaba kuwa na jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 a shekara, kimanin dala tiriliyan 1. Wani lissafi na 2016 ya nuna kowace dala 1 da aka sa a maganinsu tana dawo da 4. Tsarin matakin farko ya fi araha, amma ba kyauta ba ne: albashin mai bibiya, kuɗin zirga-zirgar mai dubawa, da sayen magani duk sai an rubuta su a kasafi.

Ina jin ina da wannan matsalar. Me zan ce wa likita?

Ba sai ka san sunan ciwon ba. Faɗi abin da kake ji da tsawon lokacinsa: "Likita, wata biyu ke nan ba na barci, ba na jin daɗin komai, aiki ma ya gagare ni." Ambaci duk abin da kake sha, har na gargajiya da na sa barci da barasa ko wani abin maye, don suna iya karo da maganin da za a ba ka. Idan tunanin mutuwa na zo maka, da shi za ka fara.

Kafin ka tashi, tambayi abu uku: me yake ganin ke damunka, yaushe za ka fara jin sauƙi, kuma yaushe za ka dawo. Idan ya ba ka maganin ciwon kai kawai bai tambaye ka komai ba, sake faɗa masa a fili cewa damuwar ce ta kawo ka, ko ka nemi ya haɗa ka da wanda ke kula da wannan fannin a asibitin.